An gutsure wutsiyar kifina, ko za ta sake tsirowa?

Assalamu alaikum. Ina da tankin kifin ado mai cin lita 70. A ciki akwai namijin kifin da ake kira beta guda ɗaya, ja mai doguwar wutsiya, wanda ya kai wata bakwai a hannuna, sai koridoras uku masu kiwo a ƙasan tanki. Mako biyu da suka wuce na ƙaro wasu kifaye da ake kira taiga-bab guda huɗu saboda zanen jikinsu ya burge ni. Ba a yi kwana biyar ba na ga wutsiyar betan ta fara gutsurewa. Yanzu kusan rabinta babu, fuffuken bayansa ma ya tsage biyu. Ya daina zagaya tanki, kullum yana maƙale a bayan hita, abinci ma sai ya faki idon sauran yake ɗauka. Wanda ya sayar mini da kifin ya ce in zuba gishiri da shuɗin magani, sai na zuba gishiri babban cokali biyar tare da maganin a cikin tankin gaba ɗaya. Tun daga ranar koridoras ɗin ba su da sukuni, sai hawa sama suke yi suna sauka. Jiya kuma na ga wani fari-fari a bakin wutsiyar betan. Shin wutsiyar za ta dawo kamar da? Tsawon wane lokaci? Farin nan cuta ce? Kuma in ya warke zan iya barin su tare?

Daga wata mai kiwon kifin ado

Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, wutsiyar za ta tsiro, muddin cizon bai kai ga naman gindinta ba. Amma ba za ta tsiro a inda ake ci gaba da cin ta ba, don haka kafin maganar magani, a raba shi da taiga-bab ɗin nan yau ɗin nan. Haɗa beta mai doguwar wutsiya da taiga-bab ba shi da bambanci da ba kura ajiyar nama.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin fuffuken, don shi zai sa ki gane dalilin duk abin da za mu ce ki yi da wanda za mu hana ki. In kika haska fuffuken kifi da fitila za ki ga wasu siraran ƙasusuwa kamar tsinkaye, sun taso daga gindi sun bazu kamar mafici, da wani tantani mai laushi da ya haɗa su. Waɗannan biyun, tsinkayen da tantanin, jikin kifi ya iya sake gina su daga farko. An daɗe da sanin haka, tun a 1786 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Broussonet ya rubuta cewa fuffuken kifi na sake tsirowa bayan an yanke shi. A yau ana nazarin abin sosai a jikin wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane da masana ke kira Danio rerio. In aka yanke masa wutsiya, cikin yini guda sabuwar fata ta rufe bakin ciwon. A kwana na biyu wasu ƙwayoyin halitta sukan taru a kan kowane guntun tsinke, su zama wani ɗan tudu fari da ake kira bilastema. Daga wannan tudun ne sabon tsinke ke miƙewa gaɓa bayan gaɓa, kuma cikin mako biyu zuwa uku wutsiyar ta kusa komawa tsawonta, in ruwan yana da ɗumi daidai. Wani abin mamaki ma, yankan da ya yi zurfi ya fi saurin tsiro a kan wanda ya shafi baki-baki kawai, kamar jikin ya san yawan aikin da ke gabansa.

Iyakar wannan baiwa ita ce gindin wutsiya, wato inda tsinkayen suka nutse cikin tsoka. Ki duba wurin da kyau. In akwai sauran tsinke ko da rabin santimita ne a tsaye, to akwai tushen da za a ɗora gini. In kuwa an cinye har nama, an bar jan gyambo a ƙarshen jiki, ciwon zai iya warkewa amma wannan sashen kan fito a murɗe, ko ya ƙi fitowa sam. Tunda kin ce rabin wutsiyar na nan, naki yana cikin masu sa'a.

To, ina za a kai shi? Ba sai kin sayi wani babban kaya ba. Tanki ko roba mai tsabta da ba ta taɓa ganin sabulu ba, mai cin lita 20, ta wadatar. Ki cika ta da ruwa zurfin santimita 15 zuwa 20 kawai. Beta kifi ne da ke hawowa sama ya shaƙi iska da baki, saboda yana da wata gaɓa ta musamman a kai da ke ba shi damar haka, kuma da guntuwar wutsiya hawa da sauka a ruwa mai zurfi na gajiyar da shi. Kada ki sa tsakuwa a ƙasa, don ki riƙa ganin kashi da ragowar abinci ki zuƙe su da tiyo. Ki sa masa maɓoya guda, kofin tangaran da aka kwantar ma ya isa, da ganye mai faɗi kusa da saman ruwa inda zai kwanta ya huta. A rufe da murfi, a bar ɗan sarari na iska tsakanin ruwan da murfin, domin beta na tsalle. Haske kuma a rage.

Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 da 27, kuma ya tsaya cak, kada ya yi ta hawa da sauka tsakanin dare da rana. Jikin kifi na bin zafin ruwan da yake ciki ne, in ruwan ya yi sanyi gini ya yi nawa. Wannan ne ke sa wasu su murɗa hita zuwa 30 wai don a gaggauta. Kuskure ne babba ga kifi mai buɗaɗɗen ciwo, domin ƙwayoyin cutar da ke cin fuffuke su ma ɗumi suke so, sun kuma fi kifin saurin cin moriyarsa. Ki sa ma'aunin zafi daban a ciki, kada ki dogara da lambar da ke jikin hita.

Wajen kama shi, ki ajiye raga. Tsinkayen da suka fito tsirara kan sarƙe a idon raga su ƙara yagewa, ragar kuma na goge yauƙin jikinsa, wanda shi ne garkuwarsa ta farko. Ki nutsar da kofi ko ƙaramar roba, ki kora shi ciki a hankali da tafin hannu, ki ɗauke shi da ruwansa. Ki tabbata zafin ruwan sabon wurin bai bambanta da na tsohon da fiye da digiri ɗaya ba.

In babu halin tanki na biyu a yau, a raba babban tankin da katangar raga ta roba wadda ta kai har murfi. Wannan dabarar wucin gadi ce. Ɗan akwatin nan da ake rataya wa a cikin tanki don masu haihuwa kuwa ya yi ƙanƙanta, bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ruwa. Fuffuken da ya ƙi warkewa, in aka bi diddigi, galibi ruwa ne ya hana shi. Kifi na fitar da amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, ragowar abinci ma na ruɓewa ta zama amoniya. A tankin da ya zauna da gindinsa akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matatar ruwa, su ke juya amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su juya naitirait ta zama naitiret. Biyun farko guba ne, na ukun ne mai sauƙi. Amoniya ko kaɗan ce tana ƙona sabuwar fatar da ke ƙoƙarin rufe ciwo, sai gini ya yi ta rushewa ana sake farawa. Ki sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo, sun fi na takarda faɗar gaskiya. Abin da kike nema shi ne amoniya 0, naitirait 0, naitiret kuma ƙasa da miligiram 20 a kowace lita.

Matsalar sabon tankin jinya ita ce babu waɗannan bakteriya a cikinsa. Yadda aka saba yi, akan yanko guntun soso daga matatar tsohon tanki a sa a sabon. A naki lamarin wannan dabarar ba abin dogaro ba ce, saboda shuɗin maganin da kika zuba, wanda kusan tabbas metilin bulu ne, yana kashe bakteriya masu amfanin tare da marasa amfani. Don haka ki ɗauka cewa tankin jinyar ba shi da mai tace masa guba sai ke da bokitinki. Ki canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan kullum a mako biyun farko, wato lita 5 zuwa 6 a cikin lita 20. Duk ranar da gwaji ya nuna amoniya ko naitirait ta kai miligiram 0.25 a lita, ki canza rabi. Sabon ruwan ya zama zafinsa ɗaya da na ciki, kuma in na famfo ne a ɗiga masa maganin kashe kulorin kafin ya shiga. Ajiye ruwa ya kwana na fitar da kulorin zalla, amma ba ya fitar da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, wanda wurare da dama suke sa wa ruwan famfo. Ki zuba a hankali ta jikin bango, kada ki kwarara a kansa.

Matatar da ta dace ita ce ta soso mai aiki da famfon iska, a rage ƙarfinta har kumfar ta riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Matata mai zuƙo ruwa da ƙarfi kan jawo sabon tantanin ya manne a bakinta, igiyar ruwa mai ƙarfi kuma na sa kifin yin iyo ba hutu.

Sai farin da kika gani a bakin wutsiya, wanda shi ne ya fi tayar miki da hankali, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Abu uku ne ke iya yin fari a wannan wurin, ɗaya albishir ne, biyu kuma cuta. Ki kashe fitilar ɗaki, ki haska ƙaramar tocila daga bayan kifin ta yadda hasken zai ratsa wutsiyar ya zo idonki.

In sabon tsiro ne, za ki ga wani siririn layi garai-garai kamar farar leda, mai santsi, yana bin bakin yankan, haske na wucewa ta cikinsa. Wani lokaci kan kowane tsinke yakan yi ɗan fari kamar an ɗiga madara, wannan shi ne tudun da muka ambata. Ba shi da gashi-gashi, bayansa babu ja, kuma bayan kwana uku za ki ga ya ƙara faɗi. Launi ba ya zuwa tare da shi, sai daga baya. Mutane da yawa kan ga wannan farin su firgita, su antaya magani mai ƙarfi a kan naman da bai fi kwana huɗu da haihuwa ba, garin neman gira a rasa ido.

In ruɓewar fuffuke ce, farin yakan zama duhu-duhu kamar dafaffen ƙwai, haske ba ya ratsa shi, bakin wutsiyar ya yi buzu-buzu kamar tsohon tsumma. Sau da yawa za ki ga baƙi ko ruwan ƙasa a gefen, da jan layi ko jijiyoyin jini a bayansa. Tantanin ne ke fara narkewa ya bar tsinkayen a tsaye kamar haƙoran mataji, sannan su ma su karye. Bakteriya irin su Aeromonas da Pseudomonas ne ke jawo ta, kuma dama suna cikin kusan kowane tanki, jira suke kifi ya raunana.

Na ukun shi ne fumfuna, wadda ake kira Saprolegnia. Ita a fili take, kamar an manna ɗan guntun auduga mai zare-zare da ke kaɗawa in ruwa ya motsa. Tana kama mataccen nama ne tukuna kafin ta shiga mai rai. Akwai wata cutar bakteriya da ke kama da ita, mai suna kolumnaris, wadda Flavobacterium columnare ke kawowa. Ita farinta a shafe yake, toka-toka, ba dogon zare, takan fito a baki ko ta yi kamar sirdi a gadon baya kusa da fuffuken sama, kuma tana iya kashe kifi cikin kwana ɗaya zuwa uku in ruwa ya yi ɗumi. Wannan ce kaɗai a cikinsu ba ta ba da lokacin jira.

Ido kan yaudari mai kallon kifi kullum. Ki ɗauki hotonsa ta gefe guda, a wuri guda, duk bayan kwana uku, ki jera hotunan. In wutsiyar na ƙara tsawo ko tana nan yadda take, ki ci gaba da canjin ruwa kawai. In tana raguwa alhali babu mai cizonsa, to cuta ta shiga.

Maganar gishiri. Yana da amfaninsa, amma da awo. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, don haka kullum ruwa na kutsawa cikin jikinsa, gishirin jikinsa kuma na zurarewa waje. Fata da yauƙi ne ke tare wannan, ciwo kuwa ƙofa ce a buɗe. Ɗan gishiri a ruwa na rage masa wannan wahalar, yana kuma rage illar naitirait. Awon shi ne giram 1 a kowace lita, wato giram 20 a lita 20, kusan ƙaramin cokali uku da rabi a shafe. A narkar da shi a kofi tukuna, a zuba rabi yau rabi gobe. Ya zama gishiri zalla wanda ba a gauraya shi da komai ba. Gishiri ba ya bin tururi, don haka in kin ƙara ruwa don cike wanda ya ƙafe, kada ki ƙara gishiri. In kuwa kin kwashe lita 5 kin zubar, sai ki mayar da giram 5. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki daina mayarwa, canjin ruwa zai wanke sauran a hankali. Beta ba kifin ruwan gishiri ba ne, ba a barin sa a ciki wata da watanni. In ma bakin ciwon na da tsabta, yana cin abinci, za ki iya barin gishirin gaba ɗaya.

Abin da kika zuba a babban tanki kuwa ya yi yawa ga mazaunansa. Babban cokali biyar ya kai giram 85 zuwa 90. Tanki mai lita 70, in aka cire tsakuwa da kayan ado da sararin sama, ruwansa bai fi lita 60 ba, ke nan kin kai kusan giram ɗaya da rabi a lita. Koridoras ba sa jure gishiri sosai, tsirrai masu rai ma haka. Dama ɗabi'arsu ce su ruga sama su haɗiyi iska jefi-jefi, amma in abin ya zama ba ƙaƙƙautawa, ruwan ne ya dame su, ko gishirin, ko amoniyar da ta taru bayan shuɗin maganin ya kashe bakteriyar matata. Ki gwada ruwan yau. Ki canza kashi 30 cikin ɗari kullum har kwana uku, wannan zai bar kusan kashi ɗaya cikin uku na gishirin, sannan ki ci gaba duk bayan kwana biyu. Ki sa gawayin tace ruwa a cikin matata ya tsotse ragowar shuɗin, ki rage abinci zuwa rabi, kuma kada ki wanke soson da ruwan famfo. In ya toshe, a matse shi a cikin ruwan da aka kwaso daga tankin.

Yaushe ake kai wa ga magani na gaske? In hotuna sun nuna ruɓewar na ci gaba bayan kwana huɗu ko biyar na ruwa mai tsabta, ko ta doshi gindin wutsiya, ko ja ya bayyana a jiki. Ga fumfuna, metilin bulu na aiki, amma a tankin jinya ko a wanka na ɗan lokaci a roba daban, bisa awon da ke jikin kwalbar. Ga ruɓewa mai tsanani da kolumnaris, sai maganin kashe bakteriya da aka yi don kifi, irin masu ɗauke da kanamaisin ko naitirofurazon. Dokar sayar da su ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wurare da yawa sai da takardar likitan dabbobi, kuma shi ya fi dacewa ya zaɓa miki. In kolumnaris kike zargi, ki sauke zafin ruwan a hankali zuwa digiri 24 tun kafin maganin ya iso. Duk maganin da za ki sa, ki cire gawayi daga matata don zai shanye shi, ki ƙara iska, ki lissafa awo da ainihin ruwan da ke ciki, ki kuma kammala kwanakin da aka rubuta ko da kin ga sauƙi a rana ta biyu. Kada a haɗa magani biyu sai takardarsu ta ce ana haɗawa. Ragowar kafson mutane da ke cikin durowa kuma a bar shi inda yake.

Wasu na sa busasshen ganyen wata bishiya mai suna Terminalia catappa a tankin beta. Yana sa ruwa ya yi launin shayi, yana rage haske, kifin kan samu natsuwa. Rabin ganye ya ishi lita 20. Taimako ne, amma ba zai tsayar da ruɓewar da ta kama ba.

Abinci shi ne tubalin ginin. Beta mai cin ƙwari da tsutsa ne, don haka ki nemi abincin da kifi ko jatan lande ne farkon abin da aka lissafa a jikin gwangwaninsa. Ƙwaya uku zuwa huɗu sau biyu a rana sun isa, sai ki musanya da jar tsutsa ko artemiya, wato wasu ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, sau biyu ko uku a mako. Abin da bai ci ba cikin minti biyu a zuƙe shi. Ki duba shekarun gwangwanin ma. Yawancin kifaye ba sa iya haɗa bitamin C a jikinsu, daga abinci suke samu, kuma da shi ake gina naman da ke haɗa ciwo. Yana cikin abubuwan da ke saurin lalacewa bayan an buɗe gwangwani, don haka wanda ya haura wata shida a buɗe a sake shi. In ya ƙi cin abinci kwana biyun farko a sabon wuri, ba abin damuwa ba ne. In ya kai kwana biyar, a sake gwada ruwa a sake duba jikinsa.

Abu ɗaya da masu beta ke mantawa shi ne madubi. Namijin beta in ya ga ɗan'uwansa ko hoton kansa yakan baje fukafukai iya ƙarfinsa, sabon tantani kuwa bai fi takardar goge hanci ƙwari ba, nan take yake tsagewa. A kawar da madubi, in kuma yana ganin kansa a jikin gilashi a manna takarda mara sheƙi ta waje. Kayan adon roba masu kaifi ma haka. Ki ja safar nailan mai laushi a kansu, duk abin da ya kama zaren safar zai kama wutsiya.

Game da lokaci, ga abin da aka saba gani. Tsagewar fuffuken bayan, tunda tantani ne kawai ya rabu tsakanin tsinkaye, takan haɗe daga ƙasa zuwa sama cikin kwana uku zuwa mako guda. Farin layin sabon tsiro a wutsiya kan bayyana cikin makon farko ko na biyu. Rabin wutsiyar beta mai tsawo na ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ta cike, launin kuma yana iya kai wata uku ko huɗu yana biyowa daga gindi zuwa baki. Tsoho ya fi yaro jinkiri, kuma beta bai cika wuce shekara uku zuwa huɗu a duniya ba, galibi ma ya kai wata shida ko fiye kafin a sayar da shi. Kada ki yi mamaki in sabon sashen ya fito da ɗan lanƙwasa, ko ya fi tsohon haske, ko a ga wani layi a inda aka ɗora. Wannan ba ya hana shi iyo. Ɓawon jikin da ya fita wajen faɗa shi ma yana sake fitowa.

Tambayarki ta ƙarshe amsarta a'a ce. Taiga-bab, wanda asalinsa daga Sumatra da Borneo ne, kifin garke ne mai yawan tsokana, kullum suna kora da cizon juna don a san babba. In sun kai takwas ko goma rigimar takan tsaya a tsakaninsu. In huɗu ne kamar naki, sai su nemi wanda za su huce a kansa. Shi kuwa beta, kakanninsa na daji a Tailan gajeren fuffuke ne da su, doguwar wutsiyar nan mutane ne suka yi ta zaɓen iri har ta fito, kuma nauyinta ya sa ba ya iya gudu. Ga ja, ga kaɗawa a hankali, ga rashin gudu. Ƙara yawan taiga-bab na rage cizo, amma ba ya kawar da shi ga kifi irin wannan, haka ma ga kifaye irin su gufi da anjel da duk mai dogon fuffuke. Kuma garken takwas na kifin da ke kai santimita 6 zuwa 7 ya fi ƙarfin lita 70, suna buƙatar tanki mai tsawon aƙalla santimita 80 da ruwa lita 100 ko fiye.

Zaɓi biyu ne a gabanki. Ko dai tankin jinyar ya zama gidan betan na dindindin, ki ƙara masa tsirrai da yashi mai laushi bayan ya warke, sannan ki nema wa taiga-bab babban tanki ki cike garkensu. Ko kuma ki mayar da taiga-bab ɗin ko ki ba wanda ke da garkensu, betan ya koma lita 70 ɗin tare da koridoras, waɗanda ba ruwansu da kowa. Na biyun ya fi sauƙi da arha, mu shi za mu zaɓa. In kin bi shi, ki jira sai amoniya da naitirait na babban tankin sun tsaya a 0 mako guda cur, gishirin ya fita, sabon tsiron wutsiyar kuma ya kai aƙalla rabin santimita. Daga nan sai ki ƙaro koridoras uku irin na wurinki su zama shida, domin su ma garke suke so, amma sabbin su yi mako uku zuwa huɗu a tankin jinyar da ya zama fanko kafin su shiga cikin sauran.